Dan Allah ku ban shawara: magena tafakkuri take yi ko ciwo ne?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da mage shekararta 12, asali ta Mama ce Allah ya jiƙanta, ita ta tsince ta tana jaririya ido ko buɗewa bai yi ba, da sirinji ta rinƙa ciyar da ita har ta rayu, tare suke kwana tare suke tashi. Da Mama ta rasu 'yan uwana duk suka ce ba sa so, ni na ɗauko ta, wlh wata biyu ta yi tana kwana kan mayafin Mama. Ni ma na shiga damuwa sosai har likita ya ce in rinƙa zama minti 10 safe da dare, in rufe ido in bi numfashina. Toh ina zama sai ta zo gefena ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ƙirji ta lumshe ido tana wannan gurnanin mai taushi, sai na tashi za ta tashi. Yanzu sati uku ke nan ta koma yi ita kaɗai, ta je lungu ta fuskanci bango ta yi kasaƙe kusan awa guda. Maigidana ya ce ciwo ne a kai ta asibiti, ni kuma zuciyata na ba ni ta koyi zaman nutsuwar ne tana samun sauƙin kewa. Da gaske mage da kare suna irin wannan kuma yana musu amfani? Ba na so in katse mata abin da ke taimakonta.

Uwar Muzuru:
Allah ya jiƙan Mama. Ki ƙyale ta 'yar uwa, nawa ma haka yake yi a bakin taga. Mage tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, in ta tsufa ma ya fi haka. Mu tun muna yara ake ce mana in tana gurnanin nan tasbihi take yi.

Tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi:
Hajiya kin ba mu labari mai tsawo amma abin da ya kamata mu ji ba ki faɗa ba. Tana cin abinci? Ruwa fa, ya ƙaru? Ta rame? Abu biyu kika haɗa. Zaman da take yi a gefenki gaskiya ne kuma mai kyau ne, a 2020 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna in mutum ya lumshe wa mage ido a hankali tana ramawa, har baƙo ma ta fi yarda ta matso gare shi. Kin zauna shiru, ba hayaniya ba motsi, ta saki jiki. Amma tafakkurin da kike yi da niyya ne, hankali ya gudu ki jawo shi. Ita hutu take yi kunne na aiki, ki duba za ki ga kunnen na juyawa ko ido na rufe, tana jin sauti mai girgiza har sau dubu 64 a daƙiƙa, mu iyakarmu dubu 20. Shi kuwa sabon halin, mage mai shekara 12 ta fara keɓewa tana kallon bango, wannan a wurina alama ce har sai gwaji ya wanke ta. Ciwon ƙoda, hawan jini da ke makantar da su, ko ruɗewar tsufa, duk suna iya farawa da haka.

Mai tambaya:
Malam na gode amma tana gurnaninta fa ko a lungun, mai ciwo ai ba zai yi ba. Abinci tana ci, ta dai rage, kuma ni na san halinta fiye da kowa.

Tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi:
Nan mutane ke ruɗuwa. Mage tana gurnani in tana jin daɗi, tana yi in tana naƙuda, tana yi in ƙashi ya karye, na ga mai yi tana gab da mutuwa a kan tebur. Halittarsu ce ɓoye ciwo. Jami'ar Montiriyal ta Kanada ta fitar da ma'aunin ciwo a fuskar mage a 2019, abu biyar ake kallo: kunne, ido, baki, gashin baki da yadda ta riƙe kai. Mai hutu kunne na gaba, gashin baki a sake. Mai ciwo ido a matse, kunne ya baje gefe, kai ƙasa da kafaɗa, kuma daga nesa kamar lumshe ido ne. Ki ƙirga numfashinta tana barci, kada ya wuce 30 a minti. In kuma goshi take dannawa a bangon, yau za ki kai ta ba gobe ba.

Mai karnuka biyu:
Ni dai na yarda suna ɗaukar yanayinmu. An yi bincike a Suwidin a 2019 da karnuka 58, aka auna sinadarin damuwa a gashinsu da na masu su aka ga yana tafiya tare. Shekarar da aka sallame ni daga aiki ba ko sisin sallama bayan shekara takwas ina musu bauta, babban karena har gashi ya rinƙa zubarwa. Ki duba kanki tukuna, ƙila damuwarki ce ta dawo.

Baƙuwa:
Ƙila ɓera take ji a cikin bangon. In kuma kina zargin ciwon jiki ki ɗan gutsura mata farasitamol ki gani.

Tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi:
Kul! Dan girman Allah kada kowa ya gwada. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka man ƙamshin da ake turarawa don kwantar da hankali, da yawa daga cikinsu guba ne gare ta. Hajiya kina kunna irinsu lokacin zaman naki?

Uwar Muzuru:
Malam kai komai asibiti. Ni an taɓa karɓe min kuɗin gwaji kala-kala a ƙarshe aka ce ba komai, muzuruna ya dawo gida a firgice sati guda bai fito daga ƙarƙashin gado ba, ko haƙuri ba su ba ni ba.

Mai tambaya:
Yauwa Anti, abin da nake tsoro ke nan. Zuwanmu na ƙarshe fitsari ta saki a kwando, kwana uku tana guduna, kuma ita kaɗai ta rage min a abin da Mama ta riƙe da hannunta. Man ƙamshi wani lokaci ne kawai kuma taga a buɗe take. Ruwa ta ɗan ƙara sha amma ai zafi ake yi. Na je in ƙirga numfashin ta farka. Bari in ƙara mata sati ɗaya in gani.

Tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi:
Ci ya ragu, ruwa ya ƙaru, shekara 12. Hajiya gwajin jini da fitsari kawai nake roƙonki, akwai likitocin da ke zuwa har gida. Goshin fa, yana taɓa bangon ko a'a?

Mai tambaya:
Tana can yanzu haka, kusa da shi dai take sosai. Ni in na je sai ta juyo ta kalle ni, shi ya sa nake ganin hankalinta na nan. Akwai wanda tasa ta taɓa yin haka kuma ta daina da kanta?