Shawarwari ga Mai Son Tara Kayan Nifemi Marcus-Bello

A tattaunawar da wasu masu sha'awar kayan ɗaki suka yi a Gusau, an fi tsayawa kan aikin Nifemi Marcus-Bello, mai tsara kayayyaki a Legas, musamman kujerarsa ta ƙarfe mai suna LM. Mafi rinjayen ra'ayi shi ne a saya kai tsaye daga wurin aikinsa a kuma adana rasit, domin mai walda yana iya kwaikwayon siffar, amma lanƙwasar gefen ce take tona asirinsa. An ce a naɗe ta da bargo kafin a ɗora ta a mota, saboda hanyar tana da nisa. Ƙurar hunturu busasshen tsumma ya ishe ta; danshin damina ne abin tsoro, domin tsatsa tana kamawa duk inda fenti ya ɓare.