Lilon Sallah a Abuja: abin da ido ke iya kamawa kafin a ɗora yaro, da wanda ya kamata a faɗa wa

Injiniyan Lugbe:
Salamu alaikum jama'a. Sallah ta ƙarato, kuma kowa ya san yadda Magicland da Millennium Park da wurin yara na Asokoro da bakin tafkin Jabi ke cika a kwanakin nan, ban da ƙananan lilon da ake kafawa a lambuna da harabar manyan kantuna. Ba da wani wuri nake ba. Ina roƙon masu taɓa irin waɗannan injina su faɗi abin da mai ziyara zai iya gani da idonsa ba tare da sifana a hannu ba.

Bari in fara da noti. A kan kowane bol na kirki akwai lamba: 8.8 ko 10.9 a wuraren da ke ɗaukar nauyi. Idan ɗaya ya ɓace aka aiki yaro kasuwa, sau da yawa mai 4.6 yake kawowa, ko wanda ba shi da lamba sam. Girmansu ɗaya, yana shiga daidai, amma ƙarfin 4.6 rabin na 8.8 ne. Wurin da ake aiki da tsari, bayan an ɗaure noti da sifanar awo, ana ja masa layin fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfen. In ka ga layin ya rabu biyu, notin ya juya. In ka ga jan gari kamar na bulo a gindinsa, ƙarfe biyu ne ke gugar juna a wurin da bai kamata su motsa ba. Sai kuma fil ɗin da ke hana sanda zarewa: idan aka maye shi da ƙusa ko wayar ɗauri, wannan kaɗai ya isa ka sauke ɗanka.

Kafin a buɗe ƙofa da safe, ƙa'ida ita ce a kunna kowane lilo babu kowa a ciki, a ja kowane makari na kujera da hannu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a littafi, a sa hannu. Wanda ya je da wuri yana iya ganin ko an yi.

Mai Walda, Dei-Dei:
Wa alaikumus salam. Injiniya, ka bar babbar. Noti ana gani, amma cikin bututu ba a gani, kuma daga can ƙarfe ke mutuwa. Hannun lilo bututu ne, ruwan damina na shiga ta saƙo, ya kwanta a ƙasa. Masana'anta na barin ɗan rami don ya tsiyaye, sai mai fenti ya zo gab da Sallah ya toshe shi. Shekara biyu, uku, kaurin ƙarfen ya cinye daga ciki, waje kuwa fes. Abin da ya faru ke nan a bikin baje koli na jihar Ohio a Amurka a 2017: hannun lilo ya ɓalle yana cikin juyi, mutum ɗaya ya rasu, kamfanin da ya ƙera shi ya ce tsatsar cikin bututun ce ta jawo.

Alamun da ke fitowa waje su ne fenti ya kumbura kamar ƙuraje, ko layin tsatsa yana gangarowa daga bakin walda, ko siririn tsagu a fentin daidai gefen waldar. Tsagewa kusan kullum daga gefen walda take farawa, ba daga tsakiyar ƙarfe ba. Mu yadda muke tabbatarwa gwangwani uku ne: a kankare fenti a wanke wurin, a fesa jan ruwa a bar shi minti goma zuwa sha biyar, a goge, a fesa farin. In akwai tsagewa, jan zai huda farin ya fito a layi.

Gyaran banza shi ne a ɗora sabuwar walda a kan tsagewar. Tana nan a ƙasa, tana ci gaba. Sai an nike ta har ƙarshenta tukuna, kuma rodin walda mai lamba 6013 na ƙofa da taga ba na nan ba ne, 7018 ake so, busasshe, wanda bai sha raɓa ba. Saboda haka walda mai tudu-tudu a hannun lilo, wadda ta bambanta da 'yan uwanta, abin tambaya ce. Ni sabon fenti ba ya burge ni a wannan harkar.

Mai Wayarin, Kubwa:
Ta ɓangaren wuta, magana ɗaya nake so iyaye su riƙe. Idan yaro ya ce ƙarfen “yana ɗan ja”, ba wasa yake ba. Wuta ce ke yoyo zuwa jikin injin, wayar da ake binnewa a ƙasa kuma ta tsinke ko ba a sa ta ba. Mai takalmi a busasshiyar ƙasa zai ji ɗan tsiki. Yaro mara takalmi a jiƙaƙƙiyar ciyawa shi ne zai zama hanyar wutar. Akwai na'urar da ke yanke wuta da kanta idan yoyon ya kai miliamfiya 30, tana da maɓallin gwaji a jikinta. Inda ta dame su da yankewa, wasu cire ta suke yi maimakon su nemi inda wutar ke zuba. Wayar da aka shimfiɗa a ciyawa aka haɗa da salatif, ko akwatin wuta a buɗe inda hannun yaro zai kai, duk a faɗa.

Ɗaukewar wuta kuma: jirgin lilo mai hawa da gangara an gina burkinsa ne ya kama da kansa idan wuta ko iska ta yanke. To idan AEDC, kamfanin wutar Abuja, suka ɗauke ya tsaya cak, aikinsa ya yi. Haɗarin yana wajen wanda ya tsorata ya fara kiciniyar zare makari ya sauko. A zauna, a jira ma'aikata. Abin da mu muke dubawa bayan an koma janareta shi ne jerin layukan wuta uku da ke shiga injin, domin in aka musanya biyu, motar lantarkin injin tana juyawa da baya. Shi ya sa dole a sake gwada lilon babu kowa bayan duk wani aiki a kan wayoyin.

Sai hunturu. Ƙura na rufe idon na'urar da ke gane inda keken jirgin lilon yake a kan layi, injin ya riƙa tsayawa ba dalili. Maganinsa tsumma ne. Amma ranar da layin mutane ya kai bakin ƙofa, akwai mai ɗaura 'yar waya ya tsallake na'urar. A wurin wasa na Alton Towers a Ingila a 2015, kwamfuta ta tsayar da jirgi saboda akwai keken da ba kowa a ciki makale a gaba, injiniyoyi suka ɗauka kuskure ne suka sake shi da hannu. Aka yi karo, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Lilon da ke ta tsayawa ana ta sake tayar da shi da mutane a ciki, ba a hawansa.

Hajiya Mai Kayan Biki:
Sannunku da ƙoƙari. Ku kuna maganar manyan injina, alhali abin da yawancin yaranmu ke hawa gidan tsalle ne na iska, a biki da makaranta da lambu. Ƙa'idar Turai da masu ƙera su ke bi ta ce aƙalla wurin ɗauri shida, kuma duk wanda ke jiki a ɗaure shi. Turke na ƙarfe, tsawonsa santimita 38, kaurinsa milimita 16, a buga shi har kansa ya kusa shafe ƙasa. A kan siminti ko intalok inda turke ba ya shiga, kowane wurin ɗauri na son nauyin kilo 163. Buhun siminti uku kilo 150 ne, bai ma kai ba. Ku kwatanta da bulo ɗaya da ake jingina wa igiya.

Iyakar iska kilomita 38 a awa. Ba sai da ma'auni ba, idan ƙananan bishiyoyi suka fara rangaji, a fitar da yara a kashe fanka. Guguwar da ke gaban ruwan farko a Abuja, wajen Afrilu da Mayu, ba ta sallama. A Tasmaniya ta Ostireliya a Disambar 2021 iska ta ɗaga irin wannan gidan a wata firamare, yara shida suka rasu.

Idan wuta ta ɗauke, gidan na lafewa nan da nan, bango ya rufto kan ƙanana. Dole a samu babba a bakin ƙofa wanda ba ya kallon waya. Kuma kada a haɗa ɗan shekara uku da ɗan sha biyu, karaya da fashewar baki da yawa daga nan suke.

Maman Ɗalibai, Gwarimpa:
Hajiya ta gama magana. Ni tufafinmu zan taɓo, don takardun masana'anta ba da mu aka rubuta su ba. Dogon hijabi, gyale, jelar rawani, hannun babbar riga. A ƙananan motocin tsere, sandar tayar baya da sarƙa suna dab da bayan mai tuƙi. In murfinsu ya cire, bakin hijabi na naɗewa a sandar, kuma wuya yake ja. A tattare hijabin a cusa cikin riga, ko a sa ƙarami, a leƙa bayan kujera a ga murfin na nan.

A filin ƙanana, duk tazarar da ke tsakanin santimita 9 da 23 tarko ce: jikin yaro ya wuce, kai ya maƙale. Ƙugiyar sarƙar lilo ta zama a rufe ruf, kuma a duba zoben sama, nan yake siraracewa. Ƙarƙashin abin hawa yashi ake so mai zurfin kusan santimita 30, ba siminti ba. Zamiyar ƙarfe a zafin ranar watan Maris, ki ɗora bayan hannunki tukuna.

Iyaye maza kuma, don Allah ku daina faɗa da yaron da ke riƙe da sandar awon tsawo. Makarin kujera a kan cinya aka auna shi ya sauka. Yaron da bai kai ba, ta ƙarƙashinsa yake zamewa. Riƙe jariri a cinya ko hawa da goyo ma haka.

Ɗan Lauya:
Ina da ja kaɗan. Kada mu mayar da nauyin kan mai ziyara. Wanda ya karɓi kuɗin tikiti shi ke da alhakin lafiyar injinsa, kuma allon da ke cewa kowa ya hau da kasadarsa ba lasisin sakaci ba ne. Uwa mai yara huɗu ba za ta bi noti tana karanta lamba ba. Wanda ya kai ƙara ga masu wuri aka share shi, yana da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, hedikwatarta na nan Abuja. A adana tikiti ko rasit da hoto mai kwanan wata.

Tsohon Sufabaiza:
Barista, gaskiyarka, alhakin na mai wuri ne. Sai dai akwai abin da wanda ke cikin kujera kaɗai ke sani. Makari ya buɗe da taki ɗaya a sama, bel ya kwance, kujera ta yi girgizar da sauran ba su yi ba. Mai kula da injin yana ƙasa, bai ji ba. Mutum ya sauko ya ce Allah ya kiyaye, ya ja iyalinsa ya tafi, minti biyu wani yaro ya zauna a wannan kujerar. Wasu kunya ce, wasu ba sa son su zama sanadin abincin wani. Wasu kuma bidiyo suke ɗauka su sa a Facebook da dare, bayan lilon ya yi yini yana aiki.

Ga yadda magana ke aiki. Fara da wanda ke kan injin, tun kafin a sake lodi, domin shi ne hannunsa ke kusa da jan maɓallin tsayarwa. Kada ka ce “abin nan ba shi da kyau”, ba mai tsayar da layin Sallah saboda wannan. Ka ce: kujera ta bakwai, ko jan doki na waje, makarinsa ya ɗaga lokacin da muke sama. Da lamba ko launi, da abin da ya faru, da lokacin. Yaron da ke kan injin galibi ba shi da ikon rufe lilo, wani ma na wucin gadi ne da aka ɗauka don Sallah, don haka tsawa ba ta da amfani. Ka ce a kira sufabaiza, ka maimaita masa a gaban yaron, ka nemi a rubuta a littafi, ka tsaya ka ga abin da aka yi. Kada ka gyara da kanka, ko da ɗaure noti ne da hannu, ka ɓoye alamar ke nan.

Idan matsalar ta kujera ɗaya ce, a ɗaure ta da kyalle a hana zama a ci gaba da sauran, wannan daidai ne. Idan ta hannun lilo ce, ko burki, ko wuta, duka ake rufewa. In an samu rauni a kira 112. Wanda ya faɗo daga sama kada a sungume shi a guje, a riƙe kansa da wuyansa yadda suke har masu agaji su iso, sai fa in barinsa a wurin ya fi haɗari.

Amaryar Karu:
Baba Sufabaiza, to ƙara fa? Ni duk lilon ƙara yake mini, ban san wacce ce ta lafiya ba.

Injiniyan Lugbe:
Ƙanwata, tsss ɗin da kike ji lokacin tsayawa ko buɗe makari iska ce, lafiya lau. Ƙas-ƙas-ƙas ɗin jirgi yana hawa tudu ma haka, haƙorin da ke hana shi komawa baya ne. Wadda ba a so ita ce gurzar ƙarfe da ƙarfe, ko bugu guda da ke dawowa a wuri ɗaya kowane zagaye, wannan boris ne ko taya ta ci. Haka warin roba mai ƙuna, da mai yana ɗiga daga tiyo a ƙarƙashin injin. Ki tsaya a layi ki saurari zagaye biyu kafin naki ya zo, ki kuma kalli ko mai kula da shi yana bin kujeru yana jan kowane makari da hannunsa, ko daga inda yake zaune yake danna maɓalli.