Burauza ta hana ni buɗe darussana, in ba zalunci ba mene ne wannan?

Mai Alli: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Ina da wasu darussa masu motsi da nake koyar da ɗalibai da su, na zagayen jini a jiki da na wutar lantarki, yaro ya danna zuciya ya ga tana bugawa. Shekara da shekaru suna aiki a tsohuwar laftof ɗina. Jiya ƙanena ya sabunta min komai wai yana taimakona. Yau na buɗe a gaban aji, sai wani akwati mai ruwan toka, babu zuciya babu jini. Burauzar, ba zan kira sunanta ba, ta ce an toshe fulogin ɗin, wato manhajar da ke kunna darussan a cikinta, saboda tsaro. Na'ura tawa, kuɗina na sa na saya, wani yana can ya yanke min hukunci. Wallahi wannan zalunci ne.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya huci zuciyarka, amma ka janye kalmar zalunci. Flash kake magana, manhajar kamfanin Adobe da ke kunna irin waɗannan hotuna masu motsi. Adobe da kansu suka sanar tun Yulin 2017 cewa za su daina kula da shi ƙarshen 2020, kuma daga 12 ga Janairun 2021 suka hana shi aiki. Wanda aka ba shi wa'adin sama da shekara uku ba zai ce an zalunce shi ba.

'Yar Firefox: Yaya Mai Gyara, wa'adi ba ya wanke zalunci. Mai gida in ya ba ka notis ya rushe ɗakin da kayanka a ciki, notis ɗin ya dawo maka da kayan?

Mai Gyara: Zalunci shi ne tauye wa mutum haƙƙinsa. Wane haƙƙi aka tauye? Fayil ɗinsa na nan ba a goge ba.

Ɗalibin Shari'a: A'a, ma'anar ta fi haka faɗi. Ajiye abu ba a muhallinsa ba ma zalunci ne. Amma ni a ganina nan takurawa ce, ba zalunci ba.

'Yar Firefox: Takurawar da ba ka da inda za ka kai ƙara, me ya raba ta da zalunci?

Mai Gyara: To ku ji abin da ake karewa. A Yulin 2015 aka yi kutse a kamfanin Hacking Team na Italiya, masu sayar wa gwamnatoci kayan leƙen asiri. Cikin abin da ya fallasa har da ramukan tsaro na Flash da ba a toshe ba. Shiga shafi kawai ya isa a dasa maka mugun abu, ba sai ka sauke komai ba. Kuma Hajiya, Mozilla ɗinki, masu Firefox, ita ce ta toshe Flash a burauzarta a lokacin, sai da Adobe suka yi gyara. Fulogin Java ma haka, a Janairun 2013 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta ce mutane su kashe shi a burauza.

'Yar Firefox: Wancan tsaro ne na gaskiya. Amma uBlock Origin, mai tare talla a burauza, fa? Chrome, burauzar Google, ta fara kashe shi a 2024 da sunan sabuwar ƙa'idar Manifest V3. Kamfanin da ke cin abinci da talla ya kashe abin da ke tare talla, ya ce tsaro. Kura ce za ta ce da kare maye?

Injiniya Ƙarami: Ku dakata. uBlock ekstenshan ne, wato ƙarin da ke aiki a cikin burauzar kanta, ba fulogin ba. Tun ɗazu kuna cakuɗa su. Fulogin irin su Flash da Java da Silverlight manhaja ce daban da burauza ke buɗe wa ƙofa, ta tsarin NPAPI da aka gada daga tsohuwar burauzar Netscape. Chrome ta rufe wannan ƙofar a Satumban 2015, Firefox a Maris ɗin 2017, ta bar Flash kaɗai.

'Yar Firefox: Duk kanwar ja ce, ƙanena.

Injiniya Ƙarami: Ba ɗaya ba ne, kuma ni ba ƙanenki ba ne, na girme ki a harkar nan.

Mai Gyara: Kuma mafi yawan kuɗin Mozilla daga Google yake zuwa, na sanya shi injin bincike. Ki daina mana wa'azi.

'Yar Firefox: Karɓar kuɗi daban, karɓar umarni daban. Har yau uBlock na aiki a Firefox.

Na Apple: Duk kun makara. Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, tun Afrilun 2010 ya rubuta wasiƙa ya bayyana dalilin da iPhone ba za ta ɗauki Flash ba. Aka zage shi, ga shi duniya ta dawo kan maganarsa.

Injiniya Ƙarami: Wa ya kira ku? Shi ma kasuwar manhajojinsa yake karewa.

Baƙuwa: Malam Mai Alli, gwada Ruffle, kyauta ce, tana buɗe tsofaffin fayilolin Flash da yawa. Internet Archive, masu adana tsofaffin shafukan intanet, ma da ita suke amfani.

Na Apple: Kawo hujja cewa kasuwa yake karewa.

Injiniya Ƙarami: Kowa ya sani.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun yarda manyan kamfanoni na fakewa da tsaro su yi abin da suka ga dama, kuma Hajiya ta kawo misalin da babu wanda ya iya rushewa. Mai Gyara ya yi ƙoƙari, sai dai ya fi ƙarfi a kwanan wata. Shawarata kowa ya koma Firefox.

Mai Gyara: Yawancinmu su wa? Ranka ya daɗe, ka ƙirga mana.

Mai Alli: Jama'a, jibi ina da aji da ƙarfe 8. Zuciyar nan ta yaya zan sa ta sake bugawa?