Don Allah a taimaka min da shawara kan furojet ɗina na taurari

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina mastas a fannin ilimin sararin samaniya, sufabaiza na ya ba ni jerin wurare a galaksinmu da suke fitar da hasken eksire amma ba a san ko mene ne ba. Na duba hotunan haske na yau da kullum ba komai a wajen sai duhu saboda ƙura, wallahi kaina ya ɗaure. Ya ce in gwada rediyo, to ta ina zan fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanina, malaminka ya ɗora ka kan hanya. Igiyar rediyo tana ratsa ƙurar nan, shi ya sa. Haka aka yi da Cygnus X-1, wani waje mai fitar da eksire irin naka, tun 1964 aka gano shi amma ba a san tauraron da ke wajen ba, sai 1971 da aka kama siginar rediyo a wajen ta nuna tauraron da ake kira HDE 226868, daga baya aka gane baƙin rami (black hole, abu mai tsananin ƙarfin jawo abubuwa) ne ke zuƙar iskar gas daga jikin tauraron. Fara da VLASS, taswirar sama ta rediyo da aka yi da VLA, na'urar hangen rediyo ta New Mexico mai faranti 27, kyauta ne a intanet. NVSS ma akwai, tsohuwar taswira ta VLA ɗin, amma hotonsa bai da kaifi.

Amsa ta biyu:
Ni dai abin da zan ja maka kunne, kar ka ga ɗigon rediyo kusa da wajen ka ce shi ke nan an samu, da yawansu galaksi ne masu nisa da suka faɗo ta bayan namu kawai. Wane tauraron ɗan adam ne ya ba da jerin naka? In Chandra ne da sauƙi, kuskurensa wajen nuna wuri bai kai sakan ɗaya na kusurwa ba, in kuwa INTEGRAL ne da'irar da yake nuna abin yana ciki tana da faɗi, ɗigo biyu uku za su iya shiga ciki. Ka duba ko ƙarfin siginar yana canzawa tsakanin lokuta, sannan ka leƙa kundin taurari na Gaia ka ga ko tauraron ya bayyana.

Mai tambaya:
Na XMM-Newton ne Yaya, kuma yawanci wajen tsakiyar galaksi suke.

Amsa ta biyu:
To ka nemi hotunan MeerKAT, na'urar hangen rediyo ta Afirka ta Kudu mai faranti 64, daga kudu sun fi ganin tsakiyar sosai. Turo min lambobin wuri biyar daga ciki mu duba tare yau da dare in Allah ya yarda.