Me za mu kira "roaming" da Hausa? Ni na tsaya a kan "baƙuncin layi"

1/ Jama'a, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Abin nan da ke faruwa idan ka tsallaka iyaka da layinka na gida, wayarka ta kama sabis ɗin wani kamfani na ƙasar da ka shiga, da Turanci roaming ake ce masa, da Faransanci kuma itinérance. Mu da muke tsallaka iyaka kullum, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Ƙonni, har yau ba mu raɗa masa suna ba.

2/ Abin da ya sa na damu: wata tafiya da na yi Maraɗi, muna wuce Ɗan Isa saƙo ya shigo wai barka da zuwa Nijar. Da yamma gyatumata ta kira, muka gaisa, ta tambayi hanya, ta sa mini albarka. Ina kashewa na duba, kuɗin da na sa da safe sun kusa ƙarewa, alhali ita ta kira. Wani ɗan kasuwa da muka sauka tare ya buɗe bayan wayarsa ya nuna mini sim na biyu a naɗe cikin takardar siga, ya ce shi kafin mota ta kai shinge yake sauyawa. Da na koma gida na rasa kalmar da zan yi wa Hajiya bayanin abin da ya cinye kuɗin.

3/ Na ga wasu na rubuta "romin". Ba na ƙin aro, ai da aro muka samu rediyo da intanet. Amma wannan ba ya gaya wa mai ji komai, kuma a kunne ya yi kusa da romo.

4/ Wasu sun ce "yawon layi", tunda ma'anar kalmar Turancin ke nan. A nan ne na ƙi. Yawo a wurinmu tafiya ce marar alƙibla, shi ya sa ake faɗa wa yaro ya cika yawo. Alhajin da ya tafi Makka da layinsa, ko direban da ya ɗauko kaya daga Kwatano, ba yawo ya fita ba.

5/ Wani malami ya kawo "aron sabis". Ranka ya daɗe, wannan ta yi kusa ƙwarai, sai dai aro ana mayarwa, kuma ba a biyan kuɗinsa. "Kuɗin fito" ma an ambata, amma tuni kwastan suka riƙe ta.

6/ Mu dubi yadda abin yake aiki. Layinka yana da gida, wato kamfanin da ya yi masa rajista. Da ka shiga wata ƙasa, kamfanin can zai ga baƙuwar lamba, sai ya tuntuɓi kamfaninka: kun san wannan? Idan suna da yarjejeniya, sai a ce naku ne, ku saukar da shi. Ya ba ka kira da saƙo da data, ya rubuta lissafi ya aika wa kamfaninka, shi kuma ya ɗora ribarsa ya cira a jikinka. Amsa kira ma yana cin kuɗi saboda kiran sai ya fara zuwa gida, sannan a bi ka da shi inda kake.

To wannan ai tsarin fatake ne. Baƙo ya iso zango, mai masauki ya karɓe shi saboda an san gidan da ya fito. Shi ya sa na ce "baƙuncin layi". Kamfanin gida, kamfanin masauki, kuɗin baƙunci: duk kalmomin sun zauna ba tare da an tilasta su ba.

7/ Har iyakar da ake sa wa abin ta dace da kalmar. Tarayyar Turai ta soke wannan caji tsakanin ƙasashenta tun 15 ga Yuni 2017, bayan shekara goma tana rage shi a hankali daga 2007, kuma an tsawaita dokar zuwa 2032. Mutumin Jamus ya je Sifaniya ya yi kira da farashin gidansu. Amma idan cikin wata huɗu aka ga ya fi zama da amfani da layin a waje, kamfani na da damar ƙara masa kuɗi. Dokar ECOWAS ta Disambar 2017 ita ma kwana 30 ta ware na amsa kira kyauta. Baƙo raɓa ne, in ya daɗe ya zama ɗan gari, sai ya sayi layin gari.

8/ An yi mini gyara mai nauyi: Bahaushe ba ya karɓar kuɗi a hannun baƙonsa, don haka "kuɗin baƙunci" ba ta da daɗin ji. Gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa na ƙara riƙe ta ke nan. Duk wanda ya ji ta zai ji cewa akwai abin da bai dace ba, kuma akwai ɗin. Sabis ɗin da ke ɗaukar kiranka a Maraɗi shi ne ke ɗaukar na maƙwabcin da ke zaune kusa da kai a rumfa ɗaya.

9/ Kuma kada a ce sai Turai. Kamfanin waya na Celtel ya fara tsarin One Network, mai cire kuɗin baƙunci, a 2006 tsakanin Kenya da Tanzaniya da Yuganda, kafin Turai ta kai ga sokewa, daga baya ya iso har Najeriya da Nijar da Chadi. Gana da Kodebuwa sun fara aiki da dokar ECOWAS a tsakaninsu a 2023. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a kan tasu a Yamai a Nuwamban 2024. Ga shi Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, wato mai tafiya daga Katsina zuwa Maraɗi, tafiyar da ba ta kai ta Katsina zuwa Kano ba, ya faɗa tsakanin tsari biyu. Wannan ya fi komai ci mini rai.

10/ Ga yadda zan riƙa rubutawa daga yau: "Kashe baƙuncin data kafin ka tsallaka." "Layina yana baƙunci a Saudiyya." "An soke kuɗin baƙunci tsakanin ƙasashen uku." Taken da Turawa suka yi wa dokarsu kuwa, wato "Roam like at home", "baƙo da farashin ɗan gida" ya wadatar.

11/ Saura guda da ban warware ba. Mutanen garuruwan kan iyaka, irin su Maigatari da Kongolam, wani lokaci wayarsu kan kama sabis ɗin tsallake suna zaune a ƙofar gidansu. Ba su je ko'ina ba, layin ne ya tafi baƙunci shi kaɗai. Na rubuta "baƙuncin dole" amma ban gamsu ba. 'Yan'uwa na bakin iyaka, me kuke ce masa a can?