Wace kalma za mu ba "yin" na likitancin Sinawa?

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Aiki ne ya cije mini. Rubutu nake fassarawa kan yadda likitancin gargajiya na ƙasar Sin ke kula da tsofaffi, sai kalma ɗaya ta tare hanya, wato yin, abokiyar yang. Da wata ce sai in are ta in wuce, amma ku karanta wannan ku ji: "Tsoho yana bukatar ƙarin yin." Duk Bahaushen da ya gani zai tsaya jiran sauran zancen. Yin me? Yin salla ko yin barci? A wurinsu yin shi ne ɓangaren jiki mai jiƙawa da sanyayawa da kwantar da mutum da dare, yang kuwa ɗumi da motsi. Tsohon littafinsu Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya ce idan mutum ya kai 40 rabin yin ɗinsa ya tafi. Ku taimaka da kalma.

Ɗan kasuwa: Malam, wannan ai ba ta kai a tara mutane ba. Yang zafi, yin sanyi. Shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya: Alhaji, a rufa mana asiri. Sanyi a bakin mutanenmu cuta ce. Motar masu magani da lasifika ran kasuwa me take kira in ba sanyin mata da sanyin ƙashi ba? In aka ce mutum yana da sanyin jiki kuma, kasala ake nufi. Ka rubuta cewa ga abincin da ke ƙara wa tsoho sanyi, ka ga ko akwai wanda zai ba uwarsa.

Malamin Hausa: Hajiya ta yi gaskiya. Su ma Sinawan suna da kalma dabam ta sanyin da ke kawo ciwo, han, kuma ba ita ce yin ba. Haka danshi ko laima, da na san wani zai kawo: a lissafinsu danshi yana cikin abubuwan da ke cutarwa, shi ne suke ɗora wa nauyin jiki da kumburi. Abin dariya, likitan da ya fi kowa tsayawa kan batun yin sunansa Zhu Danxi, a kunnenmu kamar Ju Danshi. Mutumin Yiwu ne, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya, ya rayu daga 1281 zuwa 1358. Shi ne ya ce yang kullum yana da rara, yin kullum ba ya isa.

Ɗan kasuwa: To ni'ima fa? Wuri mai ni'ima ai shi ne mai ruwa da sanyi-sanyi.

Ma'aikaciyar jinya: Ma'anar ta zauna, amma masu kayan mata sun riga ku. Malam ya rubuta "ƙarin ni'ima ga dattawa" a intanet, kafin la'asar za a cika masa waya da tambayar farashi.

Malamin Hausa: Mu bar kalma tukuna mu dubi mara lafiyan da suke nufi. Dattijo ne, ya farka tsakar dare rigarsa sharkaf da gumi. Tafin hannu da tafin ƙafa da ƙirji suna masa zafi, har yana fitar da ƙafa daga mayafi. Maƙogwaro a bushe, kunne yana ƙara. In ya fito da harshe sai a gan shi ja, babu farin nan da ke shimfiɗe a kansa. Bayaninsu shi ne wutar jikinsa ba ta ƙaru ba, abin da ke tare ta ne ya ragu. Kamar gidan da aka sare darbejiyar tsakar gida: ranar nan ce ta jiya, amma yau babu inda za a zauna. Kuma asalin kalmar yin a Sinanci shi ne gefen dutse da rana ba ta bugawa, wato arewacinsa, yang kuwa gefen da take haskawa. Saboda haka ni inuwa na zaɓa. Inuwar jiki.

Mai fassara: Malam, ta yi mini daɗi, amma ina da ja biyu. Na farko, yin a wurinsu abu ne mai ruwa-ruwa da ke ƙarewa, jini da yawu da ɓargo duk suna ɓangarensa, inuwa kuwa ba ta jiƙa komai. Na biyu, kada wani ya ji inuwar mutum hankalinsa ya tafi ga kurwa da mayu.

Malamin Hausa: Na biyun ba ya damuna, don "inuwar jiki" muka ce, ba "inuwar wane" ba. Na farkon yana da nauyi, kuma ba zan ce ba mu yi asara ba. Sai dai Bahaushe shan inuwa yake yi, kuma a bakinmu tana ɗauke da hutu da kariya, babu cuta ko abin kunya a jikinta. "Ruwan jiki" zai riƙe jiƙawar, amma asibiti ta riga ta ɗauke shi don mai gudawa da ƙarin ruwa, kuma su Sinawan suna da wani suna dabam na ruwayen jiki.

Fi'ilin da suke haɗawa da yin ma a kula. "Ciyar da inuwa" ba Hausa ba ce. Ɗaya daga cikin kalmomin da suke amfani da su a nan ita ce dai wadda suke faɗa wa rainon yaro da kiwon dabba, har akwai alamar tunkiya a cikin harafinta. Mu da muke cewa kiwon lafiya ba sai mun je nesa ba: kiwon inuwar jiki. Abin da ke ciki ma kiwo ne, aikin yau da gobe. Barci da wuri, rage yaji da soye-soye da giya, cin baƙin riɗi da doyar Sin da naman agwagwa. Zhu Danxi ya ƙara da kame sha'awa. Shahararren maganinsu na wannan, Liuwei Dihuang Wan, haɗin abu 6 ne, kuma ya fara fitowa ne a littafin likitan yara Qian Yi a 1119, daga baya ya zama na dattawa.

Ma'aikaciyar jinya: Na yarda da kalmar, da sharaɗi ɗaya. Malam, ka sa "a fahimtar likitancin Sin" a gabanta, don babu gwajin jini da ke auna inuwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba irin waɗannan sunaye babi a kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022, amma don ajiye bayani ne, ba shaidar cewa maganin yana aiki ba. Tsohon da ke gumin dare yana rama yana tari, a kai shi gwajin tarin fuka. Mai yawan ƙishirwa da fitsari a auna masa suga. Kada kalma mai daɗi ta zaunar da shi a gida yana cin riɗi.

Mai fassara: Na karɓa, Hajiya. Ga yadda zan rubuta: "A fahimtar likitancin Sin, inuwar jiki, wadda suke kira yin, tana raguwa da shekaru, shi ya sa suke ba dattawa shawarar kiwonta." Sau ɗaya zan ambaci kalmar Sinancin a farko, daga nan inuwar jiki har ƙarshe. Yang kuma na sa masa ɗumin jiki, don na gwada "ranar jiki" na ji kamar ranar mako ake nufi.