Wane suna za mu raɗa wa microcontroller da Hausa?

Jama'a, taimako nake nema kan kalma ɗaya. Duk Asabar ina tara yara 12 a wani shago a Yelwa, nan Bauchi, muna koyon haɗa kayan lantarki. Mako uku ke nan ina fama da sunan microcontroller, wato ɗan ƙaramin abin da ake rubuta wa umarni ya riƙa sarrafa na'ura. Idan na ce maikurokantirola, kafin in kai ƙarshen kalmar hankalin rabinsu ya koma titi.

Da farko na ce ƙaramar kwamfuta. Sai wata yarinya ta ɗauki Arduino Uno, ƙaramin faifan lantarkin da muke koyo da shi, ta jujjuya shi, ta ce, "Malam, to ina fuskarta, ina wurin dannawa?" Gaskiyarta. Kuma ba dukan Uno ɗin muke nema wa suna ba, baƙin abin nan ne mai ƙafa 28 da ke zaune a kansa, ATmega328P, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Aiki ɗaya ake ɗora masa, ya yi ta maimaitawa muddin akwai wuta: duba tanki, in ya cika kashe famfo, koma ka sake dubawa.

Wani bakanike abokin mahaifina ya ce min, "Ɗana, ai mu ƙwaƙwalwar mota muke cewa, sai ka ce ƙwaƙwalwar na'ura." Na ce, "Baba, na karɓa." Na gwada, ta yi daɗin faɗa, amma ta jawo min aiki. Yaro ya ji ƙwaƙwalwa sai ya ɗauka abin na tunani da kansa. Fitila ta ƙi kamawa, ya ce ƙwaƙwalwar ce ta ƙi, alhali shi ne ya tsallake layi guda a rubutunsa. Ni kuwa babban abin da nake so ya zauna musu shi ne, abin nan ba ya yin komai sai abin da ka rubuta masa.

An kawo linzami, amma makami mai linzami ya riga mu.

Inda na tsaya yanzu shi ne ɗan sarrafau. Daga sarrafa ne, a ginin mantau da makarau, wato wanda abu ya zame masa ɗabi'a. Ɗan kuma ya ɗauki ƙanƙantarsa. In suna da yawa, 'yan sarrafau. Abin da ya fi faranta min shi ne yadda ta haifar da allon sarrafau, don faifan da yake zaune a kai. Duk yaran nan sun riƙe allo a makarantar allo, sun san a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Haka ake yi wa ɗan sarrafau na Uno, kuma yana jure gogewa da sake rubutu har sau 10,000.

Da wannan sunan bayanin zaɓen kaya ma ya yi sauƙi. Allon micro:bit na BBC ya zo da fitilu 25 da maɓalli biyu a jikinsa, kuma a MakeCode, manhajar da ake rubuta masa umarni da ita, yaro jera umarni yake yi kamar bulo, ba sai ya iya Turanci sosai ba. Da ina da hali, da shi zan fara wa kowa. Arduino, wanda aka fara a Italiya a 2005, sai ka buga umarnin da hannu, alama ɗaya ta ɓace komai ya tsaya, amma shi muke da shi, kuma in an ɗauke wuta fawa bankin waya ya ishe shi.

Malaman Hausa da masu gyaran waya, ku duba min sarrafau. In akwai inda take nufin wani abu daban a bakin mutanen Gombe ko Katagum, a faɗa min kafin Juma'a, don Asabar zan rubuta wa yaran ita.